Kasuwar Hasashe da Kujerar Alƙali

Ran 27 ga watan Satumba, 2018, mutum biyu suka zauna, ɗaya bayan ɗaya, a gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka a birnin Washinton. Ta fari mace ce, malamar jami'a, sunanta Christine Blasey Ford. Ta yi rantsuwa, ta ce mutumin da ake shirin ɗorawa a kujerar Kotun Ƙoli ya taɓa auka mata da nufin lalata sa'ad da suke matasa, wajen shekarar 1982. Bayan ta tashi, sai mutumin, Brett Kavanaugh, ya zo shi ma ya yi rantsuwa, ya musa maganar gaba ɗaya, cikin fushi da hawaye. Miliyoyin mutane suna kallo ta talabijin. Waɗansu suka gaskata matar, waɗansu suka gaskata mutumin, waɗansu kuwa suka rasa ta inda za su kama.

A wannan rana akwai waɗansu masu kallo dabam. Su ma sun kasa kunne ƙwarai, amma hannunsu yana kan kwamfuta, suna saye da sayarwa ta intanet. Abin da suke ciniki a kai shi ne ko Majalisar za ta tabbatar da mutumin nan ko ba za ta tabbatar ba. Sa'ad da matar take magana, farashin tikitin da yake cewa za a tabbatar da shi ya faɗi. Sa'ad da shi ya yi tasa maganar, farashin ya sāke hawa. Ran 6 ga Oktoba aka jefa ƙuri'a, 50 suka yarda, 48 suka ƙi, ya zama alƙali. Masu tikitin “I” suka karɓi kuɗinsu, masu tikitin “A'a” suka tashi hannu wofi.

Ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin matar nan da mutumin nan. Tambayar da nake so mu duba tare, mai karatu, ita ce wannan: daidai ne mutum ya sa kuɗinsa a kan naɗin alƙali? Waɗansu masu ilimi suna cewa daidai ne, har ma yana da amfani ga jama'a, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Bari mu ji ta sosai kafin mu amsa.

Yadda ake naɗa alƙalin

Kotun Ƙoli ta Amurka tana da alƙalai 9, haka yawansu yake tun 1869. In kujera ta zama babu kowa, shugaban ƙasa ne yake kawo suna, Majalisar Dattawa mai sanatoci 100 kuwa ita ce take yarda ko ta ƙi. Wanda aka tabbatar ba shi da wa'adi, sai mutuwa, ko ya sauka don kansa, ko a tsige shi saboda babban laifi. Clarence Thomas, alal misali, ya hau a 1991, ya kuwa haye shekara 30 a kujerar. Shugaban ƙasa yakan yi shekara 4 ko 8 ya tafi, alƙalin da ya kawo yana nan.

Abin da kotun nan ta yanke yakan shiga har cikin gidajen mutane. A 1954 ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin baƙaƙe da farare. A 2000 hukuncinta ya kawo ƙarshen gardamar zaɓen shugaban ƙasa. A 2022 ta soke hukuncin da ita kanta ta yanke a 1973 game da zubar da ciki. Saboda haka in ana neman cika kujera ɗaya, ƙasar duka takan tsaya tana kallo, gama ƙuri'ar mutum ɗaya cikin 9 tana iya juya doka har tsara guda.

Yadda kasuwar take

Kasuwar hasashe wuri ne da ake sayar da tikiti a kan abin da bai faru ba tukuna. Ana rubuta tambaya wadda amsarta “I” ce ko “A'a”, kamar a ce, za a tabbatar da wane kafin ƙarshen wata kaza? Tikitin da ya ci ana biyan mai shi dala ɗaya, watau senti 100. Wanda bai ci ba ya zama takardar banza. Kafin ranar kuwa, farashin yana hawa yana sauka tsakanin senti 1 da senti 99, gwargwadon yadda masu saye da masu sayarwa suka daidaita.

A ce mutum ya sayi tikitin “I” guda 100 a kan senti 60 kowanne. Ya biya dala 60 ke nan. In aka tabbatar da alƙalin, zai karɓi dala 100, ribarsa dala 40 kafin a cire la'ada. In ba a tabbatar ba, dala 60 ɗin ta tafi. Ba lalle ne ya jira ƙarshe ba: in labari ya fito farashin ya hau zuwa 80, yana iya sayarwa nan take ya kwashi riba. Masu kasuwar suna cewa farashin shi ne ma'aunin zato. In tikiti yana senti 60, watau taron yana ganin abin zai faru sau 60 cikin 100.

Jami'ar Ayowa ce ta buɗe irin wannan kasuwa ta zamani a 1988, domin bincike a kan zaɓen shugaban ƙasa, da ƙananan kuɗi. A 2014 aka buɗe PredictIt a ƙarƙashin inuwar wata jami'a ta birnin Welintin a ƙasar Niyu Zilan. A lokacin Kavanaugh, hukumar Amurka ta ƙayyade cewa mutum ba zai sa fiye da dala 850 a tikiti iri ɗaya ba. A can ana cinikin wanda shugaban ƙasa zai kawo, da ko za a tabbatar da shi, da ranar da za a yi, har da yawan ƙuri'un da zai samu. Daga baya abin ya girma. A 2024 wata kotu a Washinton ta ba kamfanin Kalshi damar sayar da tikiti a kan zaɓe, a wannan shekara kuma cinikin da aka yi a Polymarket a kan zaɓen shugaban ƙasa ya wuce dala biliyan 3. Abin da ya fara a ɗakin malamai ya zama babbar kasuwa.

Hujjar masu goyon baya

Hujja ta fari ita ce, taro ya fi mutum ɗaya sani. A 1906 wani masani na Ingila, Francis Galton, ya je bajekolin dabbobi a garin Plymouth, inda mutane suka biya kuɗi kaɗan suka rubuta kintacen nauyin naman wani sa bayan an feɗe shi. Ya tattara takardu 787 ya jera su. Kintacen da ya faɗo a tsakiya laba 1,207 ne, ainihin nauyin kuwa laba 1,198. Mahauta da manoma da 'yan kallo, kowa da kuskurensa, amma da aka haɗa su sai kuskuren wannan ya cinye na wancan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Hujja ta biyu ita ce, farashi yana ɗauke da labari. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. In damina ta yi jinkiri, tun kafin rediyo ya ce kome, farashin tiyar gero ya riga ya faɗa mana. Ba wanda ya kira taro, amma abin da manomi ya gani a gonarsa da abin da direba ya gani a hanya duk sun taru a cikin farashin nan.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi. Suna cewa magana ba ta da tsada. Mai sharhi a talabijin yana iya faɗin abin da jam'iyyarsa take so a ji, in ya yi kuskure ba abin da zai same shi, gobe ma za a sāke gayyatarsa. Amma wanda ya sa kuɗinsa, in ya ruɗi kansa, aljihunsa zai biya. Don haka, in ji su, kasuwa tana tilasta wa mutum ya rabu da son zuciya ya dubi abin da yake akwai. Har suna cewa mai caca ya fi mai sharhi gaskiya.

Lalle akwai gaskiya a cikin waɗannan. Kasuwannin nan sukan yi kuskure, amma sau da yawa hasashensu yakan yi kusa da abin da ya faru. Wanda ya musa wannan don kawai yana ƙin caca, bai yi wa gaskiya adalci ba. Sai dai ingancin ma'auni bai nuna cewa kowane abu ya kamata a ɗora a kansa ba.

Tambaya biyu da bai kamata a gauraya su ba

A ranar nan ta Satumba akwai tambaya biyu a gaban ƙasar. Ta fari: wannan mutum ya cancanci kujerar? Ta biyu: zai samu kujerar? Ta fari ita ce dalilin da ya sa aka kira taron, aka rantsar da shaidu. Ta biyu kaɗai ce kasuwa take iya amsawa, gama ita kaɗai ce ake biyan kuɗi a kanta.

Yanzu mu koma ga hujjar nan ta uku, cewa kuɗi yana sa mutum ya saurara da kyau. Haka ne, amma me yake saurare? Mai tikiti ba ya tambayar kansa ko matar nan gaskiya take faɗa, ko mutumin nan ƙarya aka yi masa. Abin da yake tambaya shi ne ko sanatoci uku ko huɗu da ba su tsai da shawara ba za su gaskata. Gaskiyar da aka faɗa da rawar murya, wadda ba ta shiga kunnen sanatoci ba, a wurinsa ba ta da daraja ko ta senti ɗaya. Ƙaryar da aka shirya da kyau, wadda ta shiga, a wurinsa riba ce. In ya bar tausayi ko adalci ya shiga lissafinsa, zai yi hasara. Ashe kasuwa tana koya masa sauraro sosai, amma sauraron da ya cire tambayar gaskiya daga ciki.

Ga kuma abin da yake faruwa a zuciya bayan an sayi tikitin. Mai tikitin “I” yana bukatar shaidar matar ta rushe, ko da gaskiya ce. Mai tikitin “A'a” yana bukatar sunan mutumin ya ɓaci, ko da ba shi da laifi. Kowannensu, in yana so ya ci, dole ya yi fatan wani abu ya sami wani mutum wanda bai taɓa yi masa kome ba. Mai yiwuwa ne da safe ya shiga da lissafi kawai, amma kafin yamma ya iske kansa yana murna da tuntuɓen ɗan'uwansa. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tikitin nan kaza ce a aljihu.

Dala goma sha biyu

Ita kanta Kotun Ƙolin ta riga ta koyar da wannan darasi. A zamanin da aka haramta giya a Amurka, dokar jihar Ohayo ta ba magajin ƙaramin gari ikon yin shari'ar masu laifin giya. In ya sami mutum da laifi, yana da rabo daga kuɗin shari'ar, in ya sallame shi kuwa ba ya samun kome. Aka ci wani mutum mai suna Tumey tarar dala 100, rabon magajin garin daga kuɗin shari'ar kuwa dala 12. A 1927 maganar ta kai Kotun Ƙoli, alƙalan kuwa gaba ɗayansu suka soke hukuncin. Ba su ce sun kama magajin garin da zalunci ba. Abin da suka ce shi ne, tsarin da zai sa jaraba a gaban mutum irin kowa, har ma'auninsa ya karkata, ya riga ya hana wanda ake ƙara haƙƙinsa.

Dala 12 ba dukiya ba ce. Duk da haka kotun ta gane halin ɗan adam, cewa ba sai an ba shi buhun kuɗi ba kafin idonsa ya fara ganin abin da yake so ya gani. Ba ya ma sanin ya karkata. Zai rantse cewa gaskiya ya bi, a ransa kuwa ya gaskata rantsuwar.

Wani zai ce, “Ai mai tikiti ba alƙali ba ne, ba sanata ba ne. Ɗan kallo ne kawai, in ya karkata wa ya cuta?” Amsa ita ce, a ƙasar da jama'a suke zaɓen shugabanninsu, ba ɗan kallo tsantsa. Sanatocin nan suna sauraron mutanen jiharsu, gama su ne za su mai da su kujera ko su sauke su. Mutane suna buga musu waya, suna rubuta musu wasiƙu, suna taruwa a ƙofar ofisoshinsu. Kashegarin ranar shaidar nan, mata biyu suka tare sanata Jeff Flake a bakin lif suka faɗa masa abin da yake ransu, kafin yamma kuwa ya nemi a jinkirta ƙuri'a har mako guda domin hukumar FBI ta ƙara bincike. Ko mutum ya yarda da matan nan ko bai yarda ba, abin ya nuna cewa talaka yana da hannu a cikin naɗin. Yana cikin masu hukuncin, ko da rabonsa kaɗan ne. In kuwa haka ne, ƙa'idar dala 12 ta shafe shi.

Akwai wata illa kuma. In mutum ya ga tikiti ya kai senti 95, sai ya ce an riga an gama, me zai sa in wahal da kaina? Ya ajiye wasiƙar da ya yi niyyar rubutawa. Da haka hasashen yake taimakon kansa ya cika. Farashin hatsi ba ya hana ruwan sama zuwa, amma farashin naɗi yana iya sa mutanen da suke da abin faɗa su yi shiru.

Na ciki da abin da suka sani

Har yanzu muna magana ne a kan mutumin waje. To, na ciki fa? Kafin shugaban ƙasa ya bayyana sunan wanda ya zaɓa, akwai waɗanda suka sani: mashawarta, da masu rubuta jawabi, da masu shirya tafiya. Kafin sanata ya faɗi inda zai jefa ƙuri'arsa, ma'aikatan ofishinsa sun sani. In akwai kasuwa a buɗe, asirin da aka ba su amana ya zama haja. Masu goyon bayan kasuwa har sukan ce wannan yana da kyau, domin ta haka labari yake shiga farashi da sauri. Amma labarin da ya shiga ta wannan hanya, cin amana ne ya kawo shi, kuɗin da na ciki ya ci kuwa daga aljihun wanda bai sani ba ya fito.

Wannan ba tsoron banza ba ne. A watan Mayu na 2024, kwana kaɗan kafin firaministan Birtaniya ya bayyana cewa za a yi zaɓe a watan Yuli, wani na kusa da shi ya sa fam 100 a kan watan da za a yi zaɓen. Aka yi bincike, a 2025 aka tuhumi mutum 15 a kan wannan al'amari. Mafi muni kuma shi ne wanda yake da ikon juya abin da kansa. In ana cinikin yawan ƙuri'u, sanata ɗaya da ya ƙi zuwa ranar ƙuri'a yana iya canja wanda ya ci.

Mutanen dā sun ga wannan haɗari. A ƙarni na 16 cacar zaɓen Paparoma ta yi ƙarfi a birnin Roma, dillalai suna neman labari daga masu hidima a cikin ɗakin zaɓen, har a 1591 Paparoma Giregori na 14 ya haramta ta, da horon fitarwa daga ikkilisiya. A Ingila mutane sun riƙa sayen inshora a kan ran waɗanda ba su da dangantaka da su, suna jiran mutuwarsu su karɓi kuɗi, har a 1774 majalisa ta kafa doka cewa ba mai yin haka sai wanda mutuwar za ta jawo masa hasara ta gaske. A watan Yuli na 2003 aka bayyana cewa wani sashen bincike na ma'aikatar tsaron Amurka yana shirin buɗe kasuwar hasashe a kan al'amuran Gabas ta Tsakiya, inda aka ba da misali har da kisan shugabanni. Sanatoci suka yi ca, kashegari aka soke shirin. A cikin ukun nan babban abin damuwa ba shi ne ko hasashen zai yi daidai ba. Abin da suka gane shi ne, akwai abubuwan da in aka ba mutum riba a kansu, an ba shi dalilin yin mugun fata, wani lokaci ma dalilin sa hannu.

Ciniki ne ko caca?

Masu kasuwar ba sa son a kira ta caca. Suna cewa kowane ɗan kasuwa mai hasashe ne. Wanda ya sayi hatsi da kaka ya ajiye sai bazara, ai shi ma zato ya yi, yana iya ci yana iya faɗuwa. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Hatsin yana nan a rumbu, an kiyaye shi daga gara da ruwa, ranar da aka fito da shi wani zai ci ya ƙoshi. Kasadar da ɗan kasuwa ya ɗauka tana tattare da aikin da ya yi wa jama'a. A cinikin tikiti ba buhu, ba rumbu. Dalar da wannan ya samu ita ce wadda wancan ya rasa, mai dandali kuma ya cire la'adarsa a tsakani. Cinikin biri a sama ne, sai dai a nan birin ma ba na mai sayarwa ba ne.

Abu guda da kasuwar take haifarwa shi ne lambar nan, watau farashin. Sai mu tambaya, wa yake bukatarta? Manomi yana bukatar hasashen ruwa domin ya san ranar shuka. Amma sanin cewa za a tabbatar da alƙali, mako biyu kafin a tabbatar da shi, me zai sa talaka ya yi wanda ba zai yi ba in bai sani ba? Ƙuri'ar a fili za a jefa ta, kowa zai ji. Amfanin kaɗan ne, abin da aka biya dominsa kuwa shi ne kunnen masu sauraro da amanar na ciki. A ganina cinikin bai yi riba ba.

Laifin da ba na kasuwa ba

Duk da haka, kada mu ɗora wa kasuwa abin da ba ita ta yi ba. Me ya sa hasashen naɗin alƙali ya zama da sauƙi a zamanin nan? Mu dubi ƙuri'u. A 1986 aka tabbatar da Antonin Scalia da ƙuri'a 98, ba ko ɗaya da ya ƙi. A 1993 Ruth Bader Ginsburg ta sami 96, uku suka ƙi. Mutanen nan biyu ra'ayinsu ya yi hannun riga, amma sanatocin jam'iyyu biyu suka yarda cewa kowannensu ya iya aikin. Ko a wancan zamani akan yi faɗa: an ƙi Robert Bork a 1987, Clarence Thomas kuma da ƙyar ya wuce da 52 da 48. Amma faɗan bai zama na kullum ba.

A 2016 shugaba Obama ya kawo sunan Merrick Garland, masu rinjaye a Majalisa suka ƙi ko zama su saurare shi har wa'adin ya ƙare. A 2017 aka sāke ƙa'idar Majalisa, aka daina bukatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara a kan alƙalin Kotun Ƙoli, rinjaye kawai ya isa. Daga nan ga yadda abin ya tafi: Neil Gorsuch 54 da 45 a 2017, Kavanaugh 50 da 48 a 2018, Amy Coney Barrett 52 da 48 a 2020 ba tare da ƙuri'ar ɗan Dimokurat ko ɗaya ba, Ketanji Brown Jackson 53 da 47 a 2022 da ƙuri'ar 'yan Rifablikan uku kacal. Wanda ya san yawan kujerun kowace jam'iyya ya riga ya san kusan dukan amsar tun ba a yi wa alƙalin tambaya ko ɗaya ba.

Wannan ya kamata ya fi cacar damun mutum. An kira taro domin a auna mutum, amma yawancin masu awon sun rubuta sakamako tun daga gida. Kasuwa ba ta kawo wannan ciwo ba, ta same shi ne ta kafa rumfa a kansa. In an rufe rumfar gobe, ciwon yana nan. Sai dai rumfar tana sa mutane su saba da shi, har su ɗauka haka abin yake tun asali, cewa naɗin alƙali wasa ne tsakanin ƙungiya biyu kamar ƙwallo, kowa da tasa.

Abin da ya kamata

To, ina muka tsaya? Ban ga laifi ba ga wanda ya karanta farashin nan a jarida, kamar yadda mutum yake duban hadari ya ce yau da alamar ruwa. Sai dai ya tuna cewa lambar tana faɗa masa zaton mutane ne game da abin da sanatoci za su yi. Ba ta ce kome ba game da ko alƙalin mai gaskiya ne, ko mai shaidar ta yi ƙarya. Tikiti yana iya kai senti 99 a kan naɗin da bai dace ba, yana kuma iya faɗuwa ƙasa a kan mutumin kirki.

Amma sa kuɗi a kai, wannan ina ganin mai lamiri ya kamata ya guje shi, ko da doka ta yarda, ko da kuɗin kaɗan ne. Dalilin shi ne wanda kotun ta bayar a 1927: rabo kaɗan ya isa ya karkatar da ma'auni, mai ma'aunin kuwa shi ne na ƙarshe da zai lura. Ga masu yin doka kuma, mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne su hana duk mai hannu a cikin naɗin, da ma'aikatansa da iyalinsa, shiga irin wannan ciniki, su kuma hukunta wanda ya sayar da asirin ofis.

Yawancinmu ba za mu taɓa sayen tikiti a kan alƙalin Amurka ba. Amma ba wanda zai tsufa bai zauna a kujerar hukunci ba, ko sau ɗaya. Za a kira ka sulhu tsakanin miji da mata, ko rabon gādo, ko gardamar iyakar gona, ko zaɓen wanda zai riƙe kuɗin ƙungiya. Kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka wane sakamako ne zai amfane ka, ko da amfanin bai wuce godiyar wani babba ba, ko bashin da kake fata a yafe maka. In ka sami irin wannan, ka faɗa wa taron a fili. In kuwa ya yi nauyi, ka tashi ka ba wani kujerar.